Niko mai fenti, da masu rubuta allon shago na garinmu

Akwai wani mutum da na kwana biyu ina kallon zane-zanensa a waya har data na ƙare mini ban sani ba, sunansa Niko Pirosmani, ɗan ƙasar Jojiya. Kada wani ya ɗauka jihar Jojiya ta Amurka, wannan ƙasa ce mai zaman kanta tsakanin Rasha da Turkiyya, ƙasar duwatsu da gonakin inabi, babban birninta Tibilisi. An haife shi a 1862 a wani ƙauye Mirzani a yankin Kaheti, ya mutu a 1918. Yau idan ka tambayi ɗan Jojiya wa ya fi kowa iya zane a ƙasarsu shi zai fara kira maka, har hotonsa suka taɓa sawa a takardar kuɗinsu ta lari 1. Amma lokacin da yake raye sana'arsa ita ce rubuta allon shago, irin dai masu fentin da muka taso muka gani a Katsina suna yawo da gwangwani da buroshi.

Maraya ne, tun yana yaro iyayensa suka mutu, wasu masu hali suka riƙe shi a Tibilisi yana yi musu aikin gida. Bai shiga makarantar koyon zane ba ko ta kwana ɗaya. Ya yi kiwo, wajen 1882 shi da wani abokinsa suka buɗe shagon rubuta alluna bai yi kasuwa ba, a 1890 ya kama aikin jirgin ƙasa, ya bari, ya buɗe shagon madara da man shanu, shi ma ya karye. Mutum ne da kasuwanci ya ƙi shi ta ko'ina. Daga nan sai ya koma yawo unguwannin da ke kusa da tashar jirgi, yana zana wa masu gidan abinci da mashaya abin da za su rataya a bango ko a ƙofa, su biya shi da kwanon abinci ko kofin giya ko kuɗin fenti, wani lokaci wurin kwana. Ba shi da mata ba shi da gida.

Abin da ya fara kama ni shi ne abin da yake zane a kai. Yawancin aikinsa a kan wani baƙin yadi mai santsi yake, irin wanda ake shafe shi da mai ruwa ba ya ratsa shi. To shi da yake yadin baƙi ne wuluk, sai ya bar baƙin ya yi masa rabin aiki. Inda ake son inuwa ko baƙar riga ko gashin baki ko duhun dare, ba ya sa fenti, sai ya ƙyale wurin haka nan, ya ɗora fari da ja da rawaya da shuɗi a inda haske ya faɗa kawai. Shi ya sa in ka kalli zanen sai ka ga farin yana tasowa kamar fitilar mai shayi a layin da aka ɗauke wuta. Kuma dabarar ta sa yana gamawa da sauri, mutumin da cikinsa ke jiran aikin ba zai yi wata guda a kan allo ɗaya ba.

Su wa yake zanawa? Nan ne zancen yake. Akwai masunci mai jar riga, tsaye cikin ruwa, hula rawaya a kai, kifi a hannu ɗaya bokiti a ɗaya. Babu wani abu da ke faruwa a zanen, ba ya jefa taru ba ya kokawa da kifi, ya tsaya ne kawai ya cika allon daga sama har ƙasa yana kallonka, jar rigar nan tana ci. Akwai mai shara da gadin gida, gemu buzu-buzu, sanda a hannu, idanunsa a waje kamar ka shigo gidan ba sallama, wallahi duk wanda ya taɓa zuwa neman wani babba maigadi ya tsare shi a ƙofa ya san wannan kallo. Akwai ɗan dako da kaya a baya, akwai mace tana tatsar saniya, akwai wata da 'ya'yanta za su ɗebo ruwa, akwai mai magani a kan jaki, akwai yaro mai sayar da itace, akwai wani mai raƙumi riƙe da akala wanda in ba don hularsa da rigarsa ba sai ka rantse daga Agadas ya taho zai sauke kanwa a Jibiya.

Ya zana manya su ma, Sarauniya Tamar ta Jojiya da mawaƙinsu Shota Rustabeli, har da Imam Shamil na Dagistan wanda ya yi shekaru yana yaƙi da Rasha. Amma ka jera su kusa da ɗan dakon ka gani. Girman da ya ba wannan shi ya ba wancan, tsayuwa ɗaya, tsakiyar allo ɗaya, ido cikin ido. Bai zana talaka don ka ji tausayinsa ba, bai kuma mai da shi abin dariya ba, abin da masu wasan barkwancinmu na waya suka kasa ke nan har yau, da an ce ɗan ƙauye sai a shafa masa baƙi a haƙori a ɗaura masa wando a ƙirji. Shi Niko ɗan ƙauye ne da ya zo birni ya sha wuya, ya san mutanen nan, da su yake cin abinci.

Akwai guda ɗaya da ya ɗan fito fili ya yi magana, attajiri da matarsa marasa haihuwa a gefe guda sun sha ado, ga wata matalauciya da 'ya'yanta a ɗaya gefen, har ya rubuta a jikin zanen wane ne wane. Kai, wannan ko a Katsina aka kafa shi ba sai an yi wa kowa bayani ba, kowace unguwa tana da nata.

Raƙumin dawansa kuwa dariya ya fara ba ni. Mu da muke maƙwabtaka da Nijar inda ake da su a Kure kusa da Yamai mun san kalarsa, shi kuwa nasa baƙi da fari ne, wuyan bai kai ba, jikin ya fi kama da na doki. Amma idon! Ido ne na mutum, mai tsoro da damuwa, in ka daɗe kana kallo dariyar sai ta tsaya maka. Dabbobinsa duka haka suke, barewa, rago, saniya, har beyar, dukkansu da idon wanda ke da magana a ciki ya rasa wanda zai faɗa wa.

Gaskiya ba duka nake so ba. Yana da zanen walima da yawa, maza masu gashin baki sun jeru a bayan dogon tebur mai farin mayafi, kaji da kifi da burodi, kowa ya ɗaga ƙaho cike da giya, su a al'adarsu da ƙaho ake sha a irin wannan zama. Bayan abin ba namu ba ne, ni in na ga uku na ga dukansu, fuskokin kusan ɗaya. Na fahimta dai, mai mashaya ne ya ba da aiki kuma abin da zai jawo masa kwastoma yake so, ba za ka ci abincin mutum ka zana masa abin da ka ga dama ba. Duk da haka ko a cikinsu babu mai dariya, an taru ana shagali amma kowa fuska a ɗaure kamar zaman sulhu, wannan kam ya burge ni.

To ni duk wannan abin da ya tuna mini shi ne namu. Waɗanda suka girma a Katsina kafin bana, wato tallar nan ta leda da ake bugawa da kwamfuta, ta cika gari za su tuna allon mai aski, kawuna huɗu ko shida a jere kowane da irin askinsa, duk sun juya gefe ɗaya. Allon mai gyaran rediyo da walƙiya tana fita daga eriya. Mai kemis da ƙaton sirinji. Mai kaji da zakara ya fi mutum girma. Ga kuma bayan manyan motoci da suke bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, zaki da dabino da masallaci da jirgin sama, a ƙasa a rubuta "Haƙuri maganin duniya" ko "Allah ya kiyaye". Wa ya zana su? Ban san sunan ko ɗaya ba, kuma na tabbata mafi yawanku haka. Yanzu kowa sai ya je wajen mai kwamfuta, a sauko da hoton wani baƙin Ba'amurke daga intanet a manna, a buga bana cikin awa ɗaya, wata shida rana ta cinye ta ta koma fara, iska ta yage ta a sake wata. Shagon aski a Ƙofar Ƙaura da na Legas da na Akara duk kai ɗaya ne a ƙofa.

Akwai wani dattijo a wajen unguwarmu da ya yi wannan sana'a, yanzu fentin gida yake yi da rubuta lamba a jikin Keke Napep. Na same shi bayan la'asar na gaishe shi na miƙa masa wayar, na ce Baba ku duba wannan aikin ku gaya mini. Ya sa tabarau ya daɗe a kan masuncin, bai tambaye ni ko wane ne ba, bai tambayi ƙasar ba. Sai ya sa farce a kan wandon mutumin ya ce, "Yaro, nan bai sa fenti ba ko? Wannan ya san tsadar kaya." Ni sai da na karanta kafin na sani, shi kallo ɗaya ya yi. Na ce Baba cikin allunan da kuka yi akwai wanda ya rage? Ya yi dariya ya ce wanda bai zama ƙyauren bayi ba an hura wuta da shi.

Shi Niko abin da ya cece shi sa'a ce kawai. A 1912 wasu samari masu sha'awar zane, 'yan'uwa biyu Kiril da Iliya Zdanebic da abokinsu Mihail Le-Dantu, suka shiga wata mashaya a Tibilisi suka ga zanensa a bango, suka rikice, suka bi gari suna nemansa suna sayen abin da suka samu. A 1913 aka nuna zanensa 4 a wani baje koli a Mosko. A 1916 ƙungiyar masu zane ta Jojiya ta gayyace shi taro, ya je, abin da ya roƙa shi ne a gina wani babban gida a tsakiyar gari a sa tebur da tukunyar shayi, a riƙa haɗuwa ana shan shayi ana hirar zane. Majalisa yake so, bawan Allah. Ba a jima ba wata jarida ta buga zanen ba'a a kansa, an nuna shi ba takalmi ana ce masa ya je ya koyi aiki, abin ya yi masa ciwo ya janye daga mutane. Ga shi yaƙin duniya na farko ya sa gwamnatin Rasha ta hana sayar da giya tun 1914, mashayun da ke ciyar da shi suka rurrufe. A 1918 wani mai gyaran takalmi maƙwabcinsa ya same shi kwance ba lafiya a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakalar bene, aka kai shi asibiti ya mutu. Har yau ba a san kabarinsa ba. Bayan nan ne aka kai aikinsa Paris a 1969, shahararren mai zanen nan Picasso ya zana hotonsa a 1972, a 2018 aka sayar da zanensa ɗaya a Landan sama da fam miliyan 2. Mutumin da aka biya da kwanon miya.

Na san wani zai ce malam, zanen abu mai rai fa? Wannan magana ce ta malamai kuma ba ni da ilimin da zan sa baki, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da na lura dai shi ne masu yi mini wannan tambaya bana ɗin da ke ƙofar shagonsu da hoton mutum a jiki, kuma lokacin zaɓe ba bangon da ke tsira daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙwaya. Sannan ko an ajiye mutum da dabba gefe, ai akwai zanen bangon gida da magina ke yi, dagi da sauran su, shi ma siminti da tayil suna ta cinye shi.

Abin da ke damuna shi ne in jikokinmu suka nemi ganin Katsina ta shekarun 1980 da 1990, za su samu hoton hawan sallah iri-iri, za su samu Gobarau ta kowace kusurwa, za su samu rijiyar Kusugu da fadar Daura, sarakuna da gwamnoni kuwa ba a magana. Mai ga-ruwa fa? Mai fura da ke zama bakin tasha? Ɗan dakon Babbar Kasuwa da mai yankan farce da mai facin taya? Mutanen da suka fi kusa da su, suka zana kayan aikinsu da askinsu da motocinsu, su ne masu fentin nan da ba mu ɗauka a bakin komai ba. Gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina wuri ne da ya dace a ce an ware ko bango ɗaya an rataya irin waɗannan alluna, ba wani kuɗi za su ci ba, mafi yawa in ka roƙa kyauta za a ba ka ana mamakin me za ka yi da shi.

Ni dai na fara ɗaukar waɗanda na ci karo da su a waya, kuma ba su da yawa, sai ka shiga lungu ko ka fita ƙauye ranar kasuwa. 'Yan Daura da Mashi da Dutsinma da Funtuwa, in akwai tsohon allo a layinku ku ɗauka kafin a cire, kuma ku tambayi mai shagon wa ya rubuta masa, in yana raye a ina yake zama. Wani lokaci sai ka ɗaga gefen bana ɗin, allon yana nan a ƙasa ba a cire ba, an dai buga ƙusa an rufe shi.