Littafin atisaye: jifan da ya ƙi zuwa zango na ɗaya

'Yan uwa masu koyon besbol, wasan nan na jifa da bugun ƙwallo da sanda, barkanmu da sanyi. Ga inda aka kwana a nawa ɓangaren tun shigowar hunturu: cafka ta zauna, bugu yana tafiya da ɗingishi, jifa kuwa ya zame min ƙarfen ƙafa.

Batun cafka ba dogon zance. Safar hannun da na tsinta a gwanjo ta yi laushi bayan na riƙa shafa mata ɗan mai, ina ɗaure ƙwallo a cikinta da tsumma kafin in kwanta. Ƙwallon da ke birgimowa a ƙasa ma na daina kawar mata da kai, duk da cewa filinmu tsakuwa ce zalla, tana isowa sai ta yi tsalle ta nufi haɓa.

A bugu, abin da ya taimake ni shi ne turken da muka haɗa: bututun roba muka kafa a cikin gwangwanin fenti muka zuba siminti, sai a ɗora ƙwallo a kai a yi ta duka. Na kuma canza abin da nake rubutawa bayan atisaye. Da can nakan ƙirga sau nawa na kai zango, wato ɗaya daga cikin matsayan da mai bugu yake gudu ya taka bayan ya buga ƙwallo. Yanzu abin da nake dubawa shi ne ko ƙwallon ta haɗu da kaurin sanda, ko kuwa ta daki siririn wajen har tafin hannu ya ɗau zugi. Lissafin wasan ne ya sa na yi haka. A babbar gasar Amurka, mai bugun da ya dace da bugu mai kyau sau uku cikin goma gwani ake ce masa. Ted Williams ya haura huɗu cikin goma a 1941, kuma an shafe shekara sama da 80 ba wanda ya maimaita a cikakkiyar kaka. Reggie Jackson sau 2,597 ana fitar da shi saboda ya kasa taɓa ƙwallo, amma sunansa na cikin zauren gwanaye a Cooperstown. Tsakanin mai jifa da mai bugu mita 18 ne da ɗan kai, ƙwallon ƙwararre kuma ba ta cika rabin daƙiƙa a hanya. To wanda ya fara jiya, a filin tsakuwa, me zai sa ya ɗaure fuska don ya kuskure?

Yanzu ga babbar maganar. An ajiye ni tsaron zango na uku, aikina in cafke ƙwallon da aka bugo in wurga ta zango na ɗaya kafin wanda ya bugo ta ya isa can da gudu, daga nan zuwa can kuwa kusan mita 39 ne. Idan aka bugo min ƙwallo da ƙarfi, babu lokacin tunani, nakan ɗauka in wurga ta tafi ɗoɗar zuwa ƙirjin mai tsaron zangon. Amma idan ta taho a hankali, mai gudu ma bai yi nisa ba, kowa ya zuba min ido, sai in ji yatsuna sun ƙage. Ko dai in dasa ta a ƙasa taku biyar a gabana, ko ta bi ta kansa ta faɗa bayan katanga. Kamar ɗalibin da ya iya haddarsa tsaf a ɗaki, yana durƙusawa gaban malam ta gudu. Ba ciwo nake ji ba, hannun lafiya lau yake.

Ashe tsohuwar cuta ce a wasan, har manya ta kayar. Steve Blass, mai jifa na Pittsburgh Pirates, ya ci wa ƙungiyarsa wasa biyu a gasar ƙarshe ta 1971, ya ci wasa 19 a 1972, sannan a 1973 saiti ya ɓace masa ba gaira ba dalili. Bai sake dawowa daidai ba. Ya ajiye wasa, daga baya ya koma sharhi, ya yi shekaru masu yawa yana yi wa Pirates ɗin. Rick Ankiel na St. Louis Cardinals yana ɗan shekara 21 aka ba shi jifan wasan farko na zagayen kifa-ɗaya-kwala a Oktoban 2000, da Atlanta Braves. A zagaye guda na cikin wasan ya yi jifa biyar da mai cafka bai ko iya tarewa ba. Ya yi ta fama har 2005, sai ya haƙura da jifa ya koma ƙananan ƙungiyoyi ya fara koyon zama mai bugu da tsaron bayan fili. A Agustan 2007 ya dawo babbar gasa, a wasansa na farko ya buga ƙwallo ta tsallake katanga. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, mutumin da mita 18 ta gagara, daga can ƙarshen fili yakan wurgo ƙwallo ta sauka a safar mai tsaron zango na uku ba ko karkata.

Na haɗa sunayen nan biyu da gangan. Masu ba da irin wannan labari sun fi son na Ankiel, su ce in ka sa kanka komai zai yiwu. Ni ban yarda ba. Blass bai gaza kowa naci ba, abin ne bai sake shi ba. Shi kansa Ankiel ai ba jifan ya gyara ba, wata ƙofar ya nema a cikin wasan. Don haka duk wanda ya ce muku maganin wannan abu shi ne ƙarfin zuciya kawai, ku tambaye shi me za ku yi da hannunku gobe da yamma.

Wanda ya ba ni abin yi da hannu shi ne Jim Abbott. An haife shi a garin Flint na jihar Michigan a 1967 ba shi da tafin hannun dama. Da hagu yake jifa, da hagun kuma yake cafka. Yakan ɗora safar a kan dungun damansa, yana sakin ƙwallo sai ya zura hagun a ciki kafin a bugo. In ya cafke, ya matse safar a hammata, ya zare hannu, ya ciro ƙwallon ya wurga. Yadda ya koya kuwa, tun yana yaro yake jifan bangon bulo da ƙwallon roba, yana matsowa kusa da bangon a hankali don dawowarta ta ƙara sauri. A 1989 ya shiga California Angels ba tare da ya bi ta ƙananan ƙungiyoyi ba. Ranar 4 ga Satumba, 1993, yana New York Yankees, ya yi wa Cleveland jifa har wasa ya tashi ba wanda ya samu bugu mai kyau ko ɗaya, alhali ƙasa da mako guda kafin nan su ɗin ne suka yi masa kaca-kaca. A 1996 kuma wasa 2 ya ci, aka ci shi 18, ya zauna shekara guda a gida, ya sake dawowa.

Na ɗauki bangon. Na zana da'ira da gawayi a katangar bayan gida, daidai tsayin ƙirji, na fara daga taku goma da ƙwallon tanis. Dokoki uku na sa wa kaina. Riƙo iri ɗaya kullum: manuniya da ta tsakiya a gicciye kan ɗinkin, babban yatsa a ƙasa, kada ƙwallon ta nutse cikin tafi. Ƙafa ita ke fara aiki, in tako da dama, kafaɗar hagu ta kalli da'irar, sannan hannu ya biyo. Na uku shi ne ba tsayawa: tana dawowa ina sake wurgawa, don kada tunani ya samu wurin zama. In jifa ya ɓaci ba na ja da baya in yi nazari, sai in matso taku biyu in ci gaba. Wani abokin atisayenmu ya ƙara min da dabarar ƙirga taku a baki, ɗaya, biyu, saki, kuma ta fi yadda na zata amfani, ko da yake yaran unguwa sun mayar da ita waƙar tsokana.

Inda nake yanzu: a bango har zuwa mita 25 ba matsala. Da mutum a gabana, in babu mai gudu, yawanci tana isa. Da zarar an sa mai gudu kuma ƙwallon ta taho a sanyaye, abin yana nan, sai dai ya ragu, kuma in na ɓata ɗaya ba ta cika jan ta biyu ba kamar da. Na roƙi a mayar da ni bayan fili na ɗan lokaci a wasannin ƙarshen mako, inda jifan dogo ne, zango na uku kuma in riƙa tsayawa a ranakun atisaye kawai. Wanda a cikinku yake da ƙwallayen fata da suka tsufa, ko ɗinkin ya fara warwarewa, ya taho da su ranar Asabar, akwai mai gyaran takalmi a bakin kasuwa da ya iya mayar musu da zare.