Yaji lamba biyar a Titi na Huɗu

Tun ina yaro nake cin shinkafar Thailand, amma ban taɓa tambayar kaina yadda masu ita ke cin ta ba. A gidanmu a Zariya in za a yi baƙin kunya, buhun 'yar waje ake farkewa, saboda ba ta da tsakuwa, ba sai an zauna ana rairaya ba. Sunan ƙasar kawai muka sani a jikin buhu. Sai da karatu ya kai ni Bloomington, a jihar Indiyana ta Amurka, sannan na zauna gaban girkin mutanen, kuma ranar farko da hawaye na tashi.

Bloomington gari ne da jami'a ta raya. Mazaunansa ba su kai dubu 100 ba, ɗaliban Jami'ar Indiyana kaɗai sun haura dubu 40, jami'ar kuwa tun 1820 take nan. Daga babbar ƙofar makarantar in ka ɗan gangaro kudu da titin Kirkwood, sai ka faɗa Titi na Huɗu, inda aka mai da tsofaffin gidajen zama gidajen abinci. Nan na Indiyawa, can na Koriya, gaba kaɗan na mutanen Tibet, ga na Turkawa. Na Thailand ma ya fi ɗaya.

Abin da ya kai ni ba son yawo ba ne, yunwar yaji ce. Garin yajin da Hajiya ta ƙulla mini ya ƙare a wata na biyu, na koma burodi da ƙwai da irin abincin kantin makaranta wanda za ka ci ka ƙoshi amma bakinka bai san an yi ba. Wata Juma'a cikin Nuwamba, bayan an sauko daga masallaci, sanyi na shiga har ƙashi, na yi wa wani babban yayanmu kuka. Bakano ne, yana shekararsa ta huɗu a karatun digiri na uku, Malam muke ce masa. Ya dube ni ya ce, "Bazazzagi, yaji kake nema? Taho in kai ka inda za ka tuba."

Gidan abincin Thailand ɗin da ya kai ni ba wani abin kallo ba ne. Daɓen katako mai ƙara in an taka, tebura bakwai ko takwas a inda da can falo ne da ɗakin kwana, hoton Sarki Bhumibol na Thailand a bango, wanda ya yi shekara 70 a kan sarauta kafin rasuwarsa a 2016. Ɗalibai ne cike, kowa da jakar littafi a gindin kujera. Muna zama aka dire mana ruwa da ƙanƙara, a cikin wannan sanyin. Har na bar ƙasar ban fahimci wannan ɗabi'a ta Amurkawa ba.

Malam ya juya takardar abincin zuwa bayanta, inda aka jera na rana. Nan ne arahar take. Kwanon da za a sayar maka da tsada da daddare, tsakar rana a ranakun aiki ana ba da shi da rangwame, har a haɗa maka da 'yar miya a ƙaramin kofi. A lokacin da dala 10 da ɗoriya kana ci ka ƙoshi. Tsarin kuma uku ne, ka zaɓi girki, ka zaɓi abin da za a saka a ciki, ka zaɓi lambar yaji daga 1 zuwa 5.

Kafin maganar yaji sai da ya zaunar da ni kan maganar nama, kuma wannan karatun ya fi amfanata fiye da komai. Ya ce kalma huɗu zan riƙe. "Mu" alade ne, "gai" kaza, "nuwa" naman shanu, "gung" jatan lande. Amma ya ce kada in tsaya ga sunan girki, don alade ya fi ɓuya a inda ba a rubuta shi ba, cikin 'yan ƙunshe-ƙunshen fulawa da ake soyawa a fara ci da su, da cikin romon da ake dafa miyar taliya. Sai ka buɗe baki ka tambaya. Ba sa jin haushi, a ƙasarsu akwai Musulmi da yawa, musamman a kudu wajen Pattani da Yala da Narathiwat, tambayar ba baƙuwarsu ba ce. Batun yankan kaza da saniya kuwa, kowa da abin da malaminsa ya gaya masa. Ni dai na zaɓi kifi da jatan lande da ƙwai, sai kuma abin da ya ba ni dariya, wanda suke kira tofu. Da aka kawo na ga awara ce tsaf, irin wadda 'yan mata ke soyawa a bakin layinmu da yamma, sai dai babu yaji da kabeji a gefe.

Yarinyar da ke karɓar oda ta zo, da alama ita ma ɗaliba ce. Malam ya ce a ba shi massaman, wata miya mai dankali, lamba 2. Na dube shi da mamaki, ƙato kamarsa, ɗan Kano, lamba 2. Ni na ce a ba ni som tam, wato kwaɗon ɗanyar gwanda, da soyayyen jatan lande da ganyen ɗoɗɗoya irin tasu, duka lamba 5. Ta ɗaga kai daga takardarta ta ce biyar ɗin Amurkawa ko biyar ɗin Thai? Na ce ta Thai. Na ƙara da cewa ni ɗan Nijeriya ne, da attaruhu aka yaye ni. Malam bai ce uffan ba, sai ya jawo kofin ruwansa gefe kamar mai gyara wa ɗan dambe fili.

Daga kicin na ji ana daka. Turmi ne na gaske, ƙwas-ƙwas-ƙwas, har zuciyata ta yi sanyi don na tuna gida. Ashe kabarina ake haƙa.

Cokali na farko daɗi ne zalla. Gwandar an yanka ta siriri kamar taliya, tana ƙaras-ƙaras, ga tsamin lemo, ga tafarnuwa, ga soyayyar gyaɗa. A cokali na uku na ji kunnuwana sun toshe. A na biyar shaƙuwa ta kama ni, hanci na zuba, gumi ya jiƙa hular sanyin da na manta ban cire ba. Na ɗaga kofin ruwan ƙanƙarar da na raina na shanye, abin ya ƙara ruruwa. Malam yana ta cin dankalinsa a natse, ya ce, "A'a, Bazazzagi, kuka kake? Ko gida ka tuna?"

Daga baya na gane inda na yi kuskure. Attaruhunmu yana da zafi, babu musu, amma mu muna jajjaga shi ne mu soya cikin mai har ya risina, sannan ya bazu cikin tukunyar miya, sannan a bi shi da lomar tuwo. Su kuwa wasu 'yan ƙananan barkono ne, sunansu a harshensu ma "kashin ɓera" yake nufi, ake jefawa ɗanye cikin turmi a dake su da ruwan lemon tsami, babu mai babu wuta. Kai tsaye yake sauka a harshe. Kuma abin da ke kawo raɗaɗin barkono ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa, shi ya sa ruwa yaɗa shi kawai yake yi. Abin mamaki, barkonon ma ba ɗan asalin ƙasar ba ne. Daga nahiyar Amurka ya fito, Turawan Fotugal suka kai shi Asiya a ƙarni na 16.

Wata dattijuwa ce ta cece ni, uwar mai gidan. Ta fito daga kicin ta ga halin da nake ciki, ta koma ta dawo da ɗan kwando mai murfi da kofin shayi ruwan goro wanda aka tuttula wa madara. A cikin kwandon shinkafa ce mai danƙo. Ta gutsura da yatsunta, ta murza ta zama dunƙule, ta nuna mini in dangwala a ruwan kwaɗon. Loma ce, ba wani abu ba. Haka mutanen Isan, arewa maso gabashin ƙasar inda som tam ya fi karɓuwa, suke ci. Na wanke hannu na bi sahunta, na sha shayin, wuta ta lafa. Ko farar shinkafar da aka kawo da jatan landen ba irin ta buhun gidanmu ba ce. Wadda ake turo mana turararriya ce mai warwara, tasu ta ci kuwa mai laushi ce mai ƙamshi, hom mali suke ce mata. Wato shekara da shekaru muna cin shinkafarsu, amma ba wadda suke ci ba.

Na ɗanɗana massaman ɗin Malam, na ji haushin kaina. Miya ce mai kauri ta madarar kwakwa da gyaɗa da dankalin Turawa, ana jin kanumfari da kirfa a ciki, 'yar'uwar miyar gyaɗarmu da ta yi tafiya ta auri ɗan kasuwa. Malam ya ce sunan ma daga kalmar Musulmi ya samo asali, kayan ƙamshin kuma fatake Musulmi ne suka shigo da su zamanin da Ayutthaya ke babban birnin ƙasar. Shi ya sa ba a saba yin ta da alade ba.

Da aka kawo takardar kuɗi na sake cin karo. Farashin da ke jikin takardar abinci ba shi za ka biya ba, sai an ɗora harajin saye, wanda a Indiyana kashi 7 cikin 100 ne. Na ƙirga daidai na ajiye na miƙe. Malam ya riƙo rigata. Ya ce a dokar ƙasar ana iya biyan mai kai abinci dala 2.13 kacal a awa, sauran daga tukuicin masu ci yake fitowa, don haka kashi 15 zuwa 20 cikin 100 da ake bari ba alheri ba ne, haƙƙin yarinyar ne. Na ji kunya, musamman da yake ita ce ta yi ta kawo mini takardar share hanci. Sauran abincin kuma aka zuba mini a kwali. A nan ba abin kunya ba ne, har farfesoshi suna fita da kwalinsu. Washegari na dafa shinkafa na juye sauran a kai, kuɗin ci ɗaya ya yi biyu.

Na ci gaba da zuwa, kusan duk Juma'a. Abin da ya fi ba ni wahalar sabo ba yaji ba ne, sukari ne. Ranar da na fara cin pad thai na ajiye cokali na ce wa Malam an yi kuskure an zuba sukari a taliya. Ba kuskure ba ne. Taliyar shinkafa ce ake soyawa da ƙwai da tsamiya, wannan dai tsamiyar da muke kunu da ita, da dakakkiyar gyaɗa da sukarin giginyarsu da ruwan kifi mai gishiri da suke kira nam pla. Girkinsu gaba ɗaya kokawa ce tsakanin zaƙi da tsami da gishiri da yaji, ba a so ɗaya ya danne sauran. Sai dai a garin ɗalibai irin wannan, hannu ya fi karkata wajen zaƙi, don shi 'yan makaranta ke so, kuma su ke kawo ciniki. Maganin abin yana nan a gidan, in ka tambaya. Akwai wasu 'yan kwalabe huɗu a jere, garin barkono, ruwan kifi, ruwan tsami mai yankakken barkono, da sukari. Ba kowane tebur ake ajiye wa ba. Da su kake gyara kwanonka yadda harshenka ke so, kuma ba raini ba ne ga mai girki. Tun daga nan na koma lamba 3, in ƙara abin da nake so da hannuna.

Na taɓa tambayar Malam me ya sa ƙaramin gari a tsakiyar gonakin masara yake da gidajen abincin Thailand fiye da ɗaya. Ya ce ba haka kawai ba ne, a 2002 gwamnatinsu ta fito da shiri musamman na yawaita gidajen abincin ƙasar a waje. Shi kansa pad thai ɗin gwamnatin Firaminista Phibun ce ta tallata shi, mutumin da a zamaninsa, a 1939, aka sauya sunan ƙasar daga Siam. Na yi shiru ina tunanin kilishi da masa, da wa zai yi musu irin wannan gata.

A watan Mayu ɗalibai suka watse, garin ya yi tsit kamar an share. Mu da ba mu da kuɗin jirgin gida muka rage. Wata rana na shiga, teburi biyu kaɗai ke da mutane, dattijuwar na zaune tana tsinke ganye. Wani da ya dawo daga Kano ya kawo mini daddawa, tana cikin jakata a ƙulle cikin leda uku. Na daɗe ina son in rama abin da warin ruwan kifinsu ya yi mini a farkon zuwana, sai na kwance na miƙa mata, ina jiran ta kau da kai.

Ta shinshina, ta sake shinshinawa, ta ɗago ta ce, "Tua nao." Ta kira jikarta ta fassara mini. Wai a arewacin ƙasarsu suna da irinta, da waken soya suke yi, a bar shi ya ruɓa, a daka, a faɗaɗa shi faifai-faifai a shanya, a gasa kafin a saka a miya. Ta tambayi da wane wake muke yin tamu. Na rasa yadda zan kwatanta mata ɗorawa, na buɗe waya na nuna mata hoton itacen da kalwarsa.

Ta ɓalli rabi ta shige kicin ba ta ko nemi izini ba. Na ji turmi ya fara ƙara. Jikar ta leƙo ta ce kaka na tambaya, lamba nawa?

Na ce uku.