Talata a Damagaram: jan ruwan zinariya

Hazo ya kwana, sai wajen sha ɗaya rana ta buɗe. Muka fito da ƴar kwalbar ruwan zinariya, wato ruwa mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin zinariya, ja kamar zoɓorodon da aka surka, don mu gwada yadda yake ɗaukar zafin rana.

Kafin a taɓa ta sai da ɗalibai suka sake bin yadda ake yin ta. Ana kwantar da fallen zinariya tsantsa a gindin kofin gilashi, a zuba ruwan da aka tace ta tururi ya rufe shi da kamar milimita 10. Sai a tattara hasken lesa, irin wanda ake kira Nd:YAG, mai tsawon zango nanomita 1064 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), a kan fallen, bugu 10 a daƙiƙa. Inda ya sauka ƙarfen ya zama plasma, wato tururi mai tsananin zafi da cajin lantarki, kumfa ta taso, zinariyar ta daskare ƙwayoyi ƙwayoyi, galibi nanomita 5 zuwa 50. Ba a ƙara wani sinadari. Cajin lantarkin da ke jikinsu ke sa su ture juna, shi ya sa ba sa kwanciya.

Wurin ɓacin aikin sananne ne. In kofin ba ya juyawa, kumfa na tsayawa ta tare bugu na gaba. In ruwan ya yi zurfi, shi zai sha hasken kafin ya kai ƙarfe. Ƙura kuwa in ta hau gilashin tattara haske, ƙonewa take yi a kansa, kuma ai mun san ƙurar hunturu. Hasken nan ido ba ya ganinsa, amma yana makantarwa. Ba a shiga ɗakin babu tabaran kariya.

Da azahar muka jera kwalabe biyu a rana, kowace mililita 2, ɗaya zinariya ɗaya ruwa zalla, ma'aunin zafi a inuwar gefe don kada rana ta buge shi kai tsaye. Lissafin gajere ne: ruwan na bukatar jul 8.4 (jul ma'aunin makamashi ne) kafin ya hau digiri ɗaya, ranar tsaka kuma wat 0.1, wato jul 0.1 a daƙiƙa, take ba kowane santimita murabba'i. Ta zinariya ta riga hawa, amma a hankali, don koren haske kawai take kamawa sosai, wajen nanomita 520. Ni dai in zafin rana ake nema, na fi yarda da titaniyam naitiraid, wani haɗin ƙarfen titaniyam da naitirojin, mai kamawa daga jan haske har abin da ke bayan ja, wanda ido ba ya gani.

Can wata ɗaliba ta ce, “Malam, tawa ta canza.” Ta surka da ruwan pampo, jan ya koma shuɗi-shuɗi, baƙin gari na taruwa a gindi. Gishirin ruwan ne ya rufe cajin, ƙwayoyin suka dunƙule, kuma girgizawa ba ta mai da su. Na ce kada ta zubar. Mun liƙa mata takarda, gobe za a auna zafinta kusa da mai jan.