Rariyar Zaurukan Usenet: Inda Aikin Ya Kai

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana a aikin shirya kwamfuta don rubuta manhaja da kuma tace saƙonnin Usenet. Ga wanda bai riski farkon zancen ba, Usenet tsohon tsarin zaurukan tattaunawa ne da Tom Truscott da Jim Ellis suka assasa a Jami'ar Duke ta Amurka a 1979, kuma har yau akwai zauruka masu rai irin su comp.lang.c. Google ya daina karɓa da aika sabbin saƙonnin Usenet ranar 22 ga Fabrairu 2024. Tallace-tallacen banza sun ragu bayan haka, amma masu musu da masu watsa saƙo ɗaya a zauruka goma suna nan. Dole sai da rariya.

Shirya kwamfuta ba ya cin lokaci. A Debian ko Ubuntu, wato nau'o'in Linux, buɗe tagar umarni ka rubuta `sudo apt install python3 python3-venv slrn`, wanda zai girka Python, harshen da za a rubuta manhajar da shi, da slrn, manhajar karanta Usenet. Sai ka keɓe wa aikin wurinsa da `python3 -m venv ~/rariya`, ka shiga da `source ~/rariya/bin/activate`. Wanda ya tsallake wannan ya kira `pip`, mai girka ƙunshin Python, kai tsaye a Debian 12 ko Ubuntu 24.04 zai ga `externally-managed-environment`. Ba lalacewa ba ce, tsarin ne ke hana ka taɓa Python ɗin da shi kansa yake dogaro da shi. Kada ka tilasta masa, koma ka keɓe wuri.

Tarkon farko shi ne `nntplib`, ƙunshin da ke magana da sabar Usenet, wato kwamfutar da ke ajiye saƙonnin zauruka. Yana cikin Python har zuwa 3.12, inda yake aiki amma da gargaɗi, sannan aka cire shi a 3.13. Duba naka da `python3 --version`. In 3.13 ne ko sama, kamar a Debian 13, `pip install standard-nntplib` zai dawo da shi da sunansa na da, ba sai ka canza komai a rubutunka ba.

Sabar da ake gwaji da ita ita ce news.eternal-september.org, kyauta ce, zaurukan rubutu kawai take ɗauka, kuma sai ka yi rajista. Ƙofa 119, lambar mashigar da ake haɗuwa da sabar ta cikinta, ita ce ta asali, amma kalmar sirrinka a fili take bi ta can. Yi amfani da 563 mai ɓoye bayanai. Kada a rubuta kalmar sirri a cikin manhaja. A sa ta a fayil ɗin `~/.netrc`, a kulle shi da `chmod 600 ~/.netrc`, don Python ba ya yarda ya karanta shi muddin wasu ma na iya buɗewa. Lambobin amsar sabar suna faɗin ciwon da kansu: 480 na nufin ba ka gabatar da kanka ba, 481 an ƙi sunan ko kalmar sirrin, 411 babu zaure mai wannan suna.

Yanzu ga zuciyar aikin, kuma nan ne ya kamata a tsaya a fahimta sosai. Kowane saƙo yana da kai da jiki. Sabar tana ajiye taƙaitaccen jerin kawunan dabam: batu, mai aikowa, kwanan wata, lambar shaidar saƙo (`message-id`), jerin saƙonnin da yake amsa wa (`references`), nauyi, yawan layuka, kuma galibi da `Xref`, jerin zaurukan da saƙon ya shiga. Umarni ɗaya, `OVER`, yana kawo wannan jerin na ɗaruruwan saƙonni a tafiya guda. Duk dokar tacewa da ta tsaya a kan waɗannan filaye kusan kyauta ce. Wadda ta nemi wani abu dabam, ko da kai ne irin `Organization`, tana jawo ƙarin tambayoyi zuwa sabar, ta jiki kuwa sai an sauko da saƙon gaba ɗaya kafin a san na zubarwa ne. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan bambancin shi ne komai.

```
import nntplib
s = nntplib.NNTP_SSL("news.eternal-september.org", usenetrc=True)
_, adadi, farko, karshe, _ = s.group("comp.lang.c")
_, jeri = s.over((max(farko, karshe - 499), karshe))
for lamba, kai in jeri:
    batu = nntplib.decode_header(kai["subject"])
    zauruka = len(kai.get("xref", "").split()) - 1
```

An nemi 500, amma kada ka yi mamaki in ƙasa da haka suka zo. Lambobin saƙonni suna da giɓi, saboda ana soke wasu, wasu kuma wa'adinsu ya ƙare. Shi ma `adadi` ƙiyasi ne kawai. Wanda ya bi lambobi ɗaya bayan ɗaya yana neman kowanne zai yi ta cin karo da 423, wato babu saƙo mai wannan lamba.

Layin `decode_header` ba ado ba ne. Batun da ke da haruffan da ba na Turanci zalla ba, har da namu ƙ, ɗ da ɓ, yakan zo a naɗe, ya fara da `=?UTF-8?B?` sai tarin haruffa marasa ma'ana. In ka lalubi kalma a cikinsa kafin ka warware, ba za ka same ta ba, saƙon ya wuce rariya salin-alin. Haka ma sunan mai aikowa. Akwai kuma tsofaffin manhajojin da ke turo haruffa ba naɗi ba bayani. `Nntplib` zai karɓe su, amma `print` zai faɗi da `UnicodeEncodeError`. Maganinsa `batu.encode("utf-8", "replace").decode()` kafin a buga.

`Xref` yana fara da sunan sabar, sai kowane zaure da lambar saƙon a cikinsa, shi ya sa ake cire ɗaya. Ka tuna zaurukan da sabar taka take ɗauke da su kawai yake lissafawa, don haka saƙon da aka watsa wurare takwas zai iya bayyana a matsayin na uku.

Sai maganar hukunci. Tsohuwar hanya, tun manhajar karanta Usenet mai suna rn da Larry Wall ya fitar a 1984, ita ce fayil ɗin kisa: suna ko kalma ta dace, saƙo ya ɓace. Ba ita ce ta fi ba. Mutumin da ya fi kowa tsokana a zaure wani lokaci shi ne ya fi kowa sanin harshen manhaja na C, kuma kalmar da ka haramta za ta fito a batun da kake nema ruwa a jallo. Ba da maki ya fi adalci: kowace alama ta ƙara ko ta rage, jimilla ta yanke. Ma'aunin da ake kai yanzu shi ne a rage 30 ga saƙon da ya shiga zauruka uku ko fiye, a rage 20 ga batun da duk manyan haruffa ne, a rage 15 in jerin `references` ya wuce saƙonni ashirin, don zaren da ya yi wannan tsawo yawanci ya bar batunsa ya koma cacar baki. A ƙara 50 ga duk wanda ke amsa saƙonka. Abin da ya kai 40 ƙasa da sifili a ɓoye shi, wanda ke tsakanin nan da sifili a tura shi ƙasan jeri. Ta haka babu alama ɗaya da ke iya kashe saƙo ita kaɗai. Waɗannan lambobin mafari ne, kowane zaure da halinsa.

A slrn ma haka tsarin yake, ba sai an rubuta manhaja ba. Sa `set scorefile "News/Score"` a `~/.slrnrc`, sannan a fayil ɗin makin:

```
[comp.lang.*]
Score: -30
Xref: :.*:.*:

Score:: -20
Subject: \<casino\>
Subject: \<viagra\>
```

Kula da ɗigo biyun nan. `Score:` na nufin sai duk layukan da ke ƙasa sun dace, `Score::` kuwa ko ɗaya ya isa. Mutane da yawa suna jera kalmomi biyar a ƙarƙashin na farko, suna mamakin dokar ba ta kama komai, alhali sun ce ne sai batun ya ƙunshi biyar ɗin duka. Alamomin `\<` da `\>` suna tsare iyakar kalma, kada gajeriyar kalma ta kama doguwa da ta ƙunshe ta. Maki -9999 kisa ne nan take, slrn ba ya ma duba sauran dokoki, don haka a yi tsimin sa. Danna `K` a kan saƙo yana rubuta maka doka, kuma yana da kyau a sa mata ranar ƙarewa, tunda rigima takan mutu amma dokar ta zauna tana cin saƙonnin kirki.

Abu ɗaya da bai kamata a yi sakaci da shi ba: duk abin da rariya ta riƙe a rubuta shi a wani fayil, da makinsa da dokar da ta kama shi, a riƙa leƙawa kullum a makon farko. Tsakin da ya wuce kana ganinsa da idonka, amma garin da aka zubar tare da tsaki ba ka da labarinsa sai ta wannan fayil. A nan ne za a ga, misali, dokar manyan haruffa tana kama gajerun batutuwa irin `GCC 14`, sai a gyara ta ta shafi batun da ya wuce haruffa goma sha biyar kawai.

Abin da ya rage shi ne amsoshin saƙon da aka ɓoye, waɗanda ke dawo da maganar ta bayan gida ta hanyar kwafo ta. Dabarar ita ce a tara `message-id` na duk saƙon da aka ɓoye, a rage 25 ga wanda lambar ƙarshe a `references` ɗinsa tana cikin tarin, wato amsa ta kai tsaye. Tarin yana buƙatar wurin zama tsakanin kunna manhajar sau ɗaya da na gaba, tare da lambar saƙon ƙarshe da aka gani a kowane zaure, don kada a sake sauko da abin da aka riga aka tace. `sqlite3`, ƙunshin adana bayanai a tebur, yana cikin Python tun asali, tebur biyu sun isa, kuma shi ne aikin zama na gaba.