Ƙullin Umma da tukunya ɗaya a Samaru

Zangona na farko a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kusan da indomi da shayi na rayu. Ɗakin haya muka kama ni da abokina a Hayin Dogo, cikin Samaru, kayan girkinmu kuwa tukunya ɗaya ce da ƙaramar silindar gas da wuƙa da ludayi. Lacca tun ƙarfe bakwai ko takwas, sai in fita ban karya ba, in wuni da biskit da ruwan leda, da daddare in dawo in jefa indomi biyu a ruwan zafi. Ɗalibai na kiran wannan tsari ziro-ziro-wan, wato ba safe, ba rana, sai dare. Da raha ake faɗa, amma kafin jarrabawa ƙwannafi ya sa ni gaba, cikina ya riƙa ɗaurewa, in na zauna karatu bayan isha'i kuwa shafi ɗaya ba ya ƙarewa sai gyangyaɗi.

Da na koma gida hutu, Umma ta dube ni ta ce, "Kai kuwa abinci kake ci a can?" Na ce mata kuɗin ne ba sa kai wata. Shekarar 2023 ce, an cire tallafin mai, kuɗin mota da na abinci duk sun yi tashin gwauron zabi, ita ma ba ta da abin da za ta ƙara mini. Ranar da zan koma sai ta fito da wani buhu cike da ƙulle-ƙulle a leda: garin ɗanwake, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, dakakken ƙuli-ƙuli, busasshen zogale, kauɗar tumatir, yajin da ta daka da hannunta, da wake kwano biyu. Ta ce, "Duk abin da ke cikin nan babu mai neman firij. Ko an ɗauke wuta sati guda, ba ruwansu."

A wannan maganar tata na gane matsalata. Ni a zatona abinci mai gina jiki sai da nama da kayan lambu ɗanye da wurin sanyaya su, abin da ɗalibi irina ba shi da shi. Alhali iyayenmu sun daɗe da warware wannan da rana da tabarmar shanya.

Da ɗanwake na fara, domin shi ya fi sauri. In ɗora ruwa, kafin ya tafasa na kwaɓa garin da ɗan ruwan kanwa da kuka, sai in riƙa gutsura ina jefawa. In ya taso sama ya ɗan ƙara tafasa, ya dahu. In tsame a ruwan sanyi, in zuba man gyaɗa da yaji, in yanka albasa da tumatir da kabeji, ranar da hali ya yi in ɗora dafaffen ƙwai. Minti 20 ya ishe ni, kuma in na ci da safe har la'asar ba na waiwayar abinci. Karon farko kwaɓin ya yi ruwa ya watse a tukunya. Na kira Umma ta ce in rage ruwa, in bar kwaɓin ya ɗan huta kafin jefawa. Tun daga ranar bai sake watsewa ba.

Wake shi ya fi ba ni wahala, saboda cin gas. Da farko kanwa nake zambaɗa masa don ya nuna da wuri, sai ya yi baƙi, ɗanɗanonsa ya canza. Daga baya na koyi jiƙa shi tun da dare, ko da safe kafin in tafi lacca. In na dawo in zubar da ruwan jiƙon, in sa sabo, sai ya nuna cikin ƙasa da rabin lokacin da yake ɗauka a da, kumburin cikin ma ya ragu. In zuba shinkafa a kai garau-garau ya haɗu. Mutane na raina shi a matsayin abincin marasa hali, ni kuwa ban yarda ba, don haɗuwar hatsi da wake tana ba jiki abin gina shi wanda kowannensu shi kaɗai bai cika ba.

Fate kuma maƙwabciyarmu ce ta koya mini, wata dattijuwa Bazazzagiya da muke kira Iya. Ta ji ƙaurin tukunyata wata rana ta leƙo ta ce, "Ɗana, tsaki ba a barinsa shi kaɗai a wuta, juyawa yake so." Ta nuna mini yadda ake fara tafasa ruwa da jajjage da daddawa da dakakkiyar gyaɗa, a wanke tsakin masara a zuba ana juyawa, sai ya kusa nuna a watsa yakuwa da alayyafo a rage wuta. A lokacin ganyen naira ɗari biyu ko uku yakan cika tukunya, ya ciyar da mu biyu har wani ya shigo ya samu. Ba banza ake danganta Zazzagawa da fate ba. Lokacin hunturu, in iskar Samaru ta fara kaɗawa da yamma, babu abin da ya kai shi.

Ranakun da ban da ƙarfin girki, kwaɗo nake yi: in tafasa zogale in matse, in zuba ƙuli da albasa da ɗan mai, in matsa lemon tsami. Wani ɗan ajinmu mai karanta kimiyyar abinci ya gaya mini tsamin lemon yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye, shayi kuma yana rage shi in an haɗa su lokaci guda. Sai na mayar da shayi can bayan abinci.

Sau ɗaya na yi kuskuren da ya kwantar da ni. Lokacin zafin Afrilu na dafa shinkafa da yawa don in huta, ta kwana a rufe, washegari da rana na ci ba tare da na sake ɗumama ta sosai ba. Kwana biyu ina amai da gudawa, na rasa gwaji ɗaya. Daga nan abin da nake yi da yawa in ajiye shi ne soyayyen kayan miya kawai: tattasai da attarugu da albasa, in soya su har ruwan ya ƙone mai ya taso sama, in riƙa ɗumamawa safe da dare. Cokali biyu nasa kan mayar da taliya ko dankalin Hausa abinci cikin minti 15. Da rani, lokacin da tumatirin lambu ke araha, mukan haɗa kuɗi da abokina mu sayo a kasuwar Samaru da yamma, sa'ar da masu kaya ke son tashi. Da damina in ya yi tsada, sai in jiƙa kauɗar Umma.

Indomi ban daina ci ba, amma ta koma ta ranar jarrabawa: guda ɗaya, rabin magin da ke cikinta, da kabeji da karas da ƙwai.

Bana ƙanwata ta samu gurbi a Jami'ar Bayero ta Kano. Da na je gida na tarar da zogale da kuɓewa a shanye a tsakar gida, Umma na zaune tana tsince wake a faifai. Na karɓi taɓarya na daka mata ƙulin, na kuma saya wa ƙanwar tawa tukunya biyu, don da ɗaya na sha jira, sai an sauke tuwo kafin a ɗora miya.