Daga Kolombo zuwa Anuradhapura: ziyarar ma'aikatan cibiyoyin guba

Da asuba jirginmu ya sauka a filin jirgin saman Bandaranaike da ke Katunayake, bayan mun yada zango a Doha, kuma kafin hantsi mota ta shigar da mu Kolombo. Na je Siri Lanka ne a ƙarƙashin tsarin musayar ziyara tsakanin ma'aikatan cibiyoyin guba, domin a asibitinmu ni ake nema idan an kawo wanda ya sha fiya-fiya ko yaron da ya kurɓi kananzir.

Cibiyar bayanai kan guba ta ƙasar tana cikin Babban Asibitin Ƙasa da ke Kolombo, kuma Farfesa Ravindra Fernando ne ya kafa ta a 1988. Likitan ƙaramin asibiti yakan bugo waya ya karanta sunan da ke jikin kwalba, a faɗa masa sinadarin da ke ciki da matakin da zai ɗauka. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ake rubuta kowane kira, da sunan maganin da alamomin da aka gani, domin daga irin waɗannan rubuce-rubuce da na asibitoci ne aka gane waɗanne magungunan ƙwari suka fi kisa.

Daga tashar Fort muka hau jirgin ƙasa zuwa Kandi, yana ta hawan tsaunuka a tsakanin gonakin shinkafa da bishiyoyin kwakwa. A Peradeniya, inda jami'a take tare da ofishin rajistar magungunan ƙwari da dokar 1980 ta samar, aka warware mana tarihin. A 1995 Siri Lanka na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu kashe kansu a duniya, akasarinsu mutanen karkara da suka sha maganin feshi cikin ɓacin rai na ɗan lokaci, ba tare da dogon shiri ba. Gwamnati ta riƙa haramta magungunan feshi mafiya haɗari: parathion a 1984, sai monocrotophos da methamidophos a 1995, endosulfan a 1998, sannan paraquat da dimethoate da fenthion tsakanin 2008 da 2011. Mace-macen sun ragu da kusan kashi 70 cikin 100, masu bincike sun ƙiyasta cewa an ceci rayuka kimanin 93,000 cikin shekara 20, kuma amfanin gona bai faɗi ba. Mutane ba su daina shan maganin ba gaba ɗaya, amma wanda ya rage a kasuwa yana ba likita lokacin ceton mai shi.

Hanyar Anuradhapura ta bi ta Dambulla zuwa ƙasa mai zafi, inda manyan tafkunan da tsofaffin sarakunan ƙasar suka haƙa suke shayar da gonaki har yau. A ɗakin marasa lafiya na asibitin Anuradhapura na ga yadda ake ƙara allurar atropine, makarin gubar yawancin irin waɗannan magungunan feshi, ana sauraren ƙirjin majinyaci har majinar ta bushe, aikin da ke bukatar haƙuri fiye da na'ura. A wannan yanki ne aka gwada raba wa manoma akwatuna masu kwado don kulle magunguna, a ƙauyuka 180 masu gidaje fiye da 50,000, sakamakon da aka fitar a 2017 kuma ya nuna cewa dabarar ba ta rage shan guba ba. Na girmama masu binciken ƙwarai da suka bayyana wannan sakamako yadda yake.

Likitocin asibitin su ma sun yi mini tambayoyi masu yawa. Maganin dafin maciji da suke amfani da shi daga Indiya ake kawo shi, saboda haka sun so jin yadda ake kula da saran kububuwa a Kaltungo, da yadda aka tunkari gubar dalma da ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Na ba su labarin hanin da NAFDAC ta yi a 2019 na sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni, sai wata likita ta tambaye ni ko muna da alƙaluman da za su nuna tasirin hanin. A asibitinmu ba mu tara su ba, shi ya sa kafin mu kama hanyar komawa Kolombo muka zauna da ita muka gyara takardarsu ta rajistar masu shan guba ta dace da magungunan da ake sayarwa a kasuwanninmu, muka kuma amince cewa za mu riƙa aika wa juna abin da muka tara duk bayan wata uku.