Hawan Mambila da farantan sola a bayan Hilux

Kayan da za mu kai Gembu, garin da ke kan tsaunin Mambila, ba su da yawa a ido: farantan sola shida, manyan batura huɗu, tukunyar gas, jarkokin fetur biyu, buhun shinkafa, sai jakunkunanmu. Motar kuwa Hilux ce mai jan ƙafa huɗu, saboda haka na ɗauka za a watsa su a bodi a kama hanya. Amma direban da muka ɗauka a Jalingo, wani dattijo da ya daɗe yana bin hanyar, ya tsaya ya ƙare wa kayan kallo, sannan ya ce da yaronsa, "Sauke duka. Daga batir za mu fara."

Baturan ya jera a ƙasan bodi, can gaba, manne da bayan kan mota, ya cusa katako a tsakaninsu don kada su goga juna. Buhun shinkafa ya tokare su ta baya. Tukunyar gas ya tsayar da ita a kusurwa, ya ɗaure wuyanta da cikinta a jikin ƙarfe. Jarkokin fetur ya nesanta su da baturan, ya sake murɗa murafansu da hannunsa. Farantan, da yake su ne marasa nauyi, su suka hau sama, an shimfiɗa bargo tsakanin kowane biyu.

Da yaron ya ɗauko robar tsohon tiyub zai ɗaure su, sai dattijon ya karɓe. "Wannan ta acaɓa ce, ɗana. Roba tana miƙewa, ba ta riƙe kaya." Ya fito da bel mai ƙugiya, irin wanda ake ɗaurewa da mariƙi, ya saƙala a ƙugiyoyin bodi, ya sa guntun kwali a duk inda bel ɗin ya bi ta kan kaifin faranti. Ya yi ta jan mariƙin yana ƙas-ƙas har bel ɗin ya yi tauri, ya kaɗa shi da yatsa ya ji amonsa, sannan ya naɗe jelar da ta rage. Hatta jak da sifana bai bari a ƙarƙashin ƙafafunmu ba. Ya ce idan aka taka birki da ƙarfi, ƙarfen da ke kwance a sake shi ke fara samun mutum.

Mun wuce Garba Chede da Bali ba labari, in ban da tsayawar da ya yi tun ba mu yi nisa da Jalingo ba, ya zagaya motar ya ƙara wa kowane bel ƙarfi. Kaya sukan zauna da girgizar hanya, ɗaurin da ya yi tam a tasha sai ya saki.

A wani shinge kafin Serti jami'an kiyaye haɗurra suka tsayar da mu. Wannan hukuma tun 1988 take, kuma lodin da ya wuce kima yana cikin laifuffukan da dokarta ta 2007 ta lissafa. Jami'in ya leƙa ya ƙirga mu, ya zagaya baya ya ga tamfol bai rufe lamba ko danja ba, ya ja bel ɗaya. Akwai doguwar sandar ƙarfe ta girka farantan da ta ɗan zarce bodi, an ɗaura mata jan ƙyalle. Dattijon ya ce, "Yallaɓai, a duba da kyau." Jami'in ya miƙo takardu ya ce Allah ya kiyaye hanya. Mutane da dama na ganin wannan bincike takura ce. Ni dai da na tuna masu babur da ke bin bayanmu, sai na ga don su aka yi dokar, domin abin da ya faɗo daga mota a guje ba mai motar yake kashewa ba.

Daga Mayo Selbe hawan ya fara. Hanya ta dinga naɗewa a jikin dutse, kwana na bin kwana, gefe guda bango, ɗaya gefen rami mai zurfi da hazo a cikinsa. A nan na fahimci dalilin sa batura a ƙasa. A kowace kwana ina jin motar tana ɗan karkata ta dawo daidai. Da nauyin nan a kan rufi yake, da karkatar ta fi haka, kuma mota mai tsayi irin wannan ba ta yafe lodin sama. Jan ƙafa huɗu yana taimaka wa mota ta hau, amma ba ya hana ta kifewa, ba ya kuma ƙara mata birki.

A wata kwana muka tarar da tsohuwar Land Rover a gefe, irin waɗanda har yanzu su ne jakunan tsaunin. Igiyarta ta tsinke inda ta goga da kaifin ƙarfe, buhun masara biyu sun fashe a kan kwalta, mata na tsincewa da zannuwansu. Ba wanda ya ji rauni, Alhamdulillahi. Dattijon ya tsaya, ya ba direban bel ɗaya daga na ajiyarsa, suka rage lodin sama suka mayar ciki.

Bayan Maisamari ƙasa ta buɗe: tuddai kore shar, shanu a warwatse, layukan itacen turare, ga sanyin da ya sa muka lalubo rigunan sanyi, don tsaunin ya kai wajen mita 1,600. A Nguroje muka sha shayi mai zafi, ganyensa na gonar Kakara da ke kusa. Yayyafi ya kama mu kafin Gembu, dattijon ya sake sauka ya ja tamfol, domin iska ta fara shiga ƙarƙashinsa tana ɗaga farantan.

Da la'asar sakaliya muka sauke. Mai haɗa solar ya ɗaga farantan ɗaya bayan ɗaya yana duba gilashinsu a haske, ya gwada baturan da mita, ya ce gobe da safe za a hau rufi.